Yadda Ake Dafa Burkutu Daga Dawa

Burkutu giyar dawa ce da mata suke dafawa a gida a Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Taraba da Adamawa, har da ƙauyukan Maguzawa. Irinta ce ake kira pito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso da Mali, bilbil a arewacin Kamaru. Musulunci ya haramta ta kamar kowane abin maye, kuma jihohin da suka bi sahun Zamfara wajen aiki da Shari'a daga shekarar 2000 sun hana sayar da ita a yankunan da Shari'ar take aiki, saboda haka bayanin nan ya shafi yadda masu sana'ar suke yi ne a inda ake dafa ta. Aikin yakan ci kusan mako guda, kuma fiye da rabinsa a wajen tsiro yake tafiya.

An fi son jar dawa saboda launin da take bayarwa. A wanke ta, a kwashe duk ƙwayar da ta taso saman ruwa, sannan a jiƙa ta kwana ɗaya, ana sauya ruwan kafin ya yi wari. Idan an tsame ta, sai a baza a kan tabarma a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko ganye, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma ana juyawa don kada ta ɗauki zafi. Cikin kwana uku zuwa huɗu za ta tsira. Dalilin wannan wahala shi ne yis ba ya iya cin sitacin da ke cikin hatsi, sai tsiron ya samar da sinadaran da za su mayar da shi sukari, kuma wanda ya tauna ƙwaya ɗaya a wannan lokaci zai ji zaƙin ya fara fitowa.

Daga nan a shanya ta a rana har ta bushe ƙayau, a murje da hannu, a sheƙe saiwa da ɗan ganyen da ya fito. Wannan mataki ba na tsallakewa ba ne, domin ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba, ita ce dai wadda ta sa makiyaya suke hana shanu cin gyauron dawa. Dawar da ta yi fumfuna kuwa zubar da ita ake yi, tun da tafasawa ba ta kashe gubar fumfuna.

Bayan an ɓarza ta a inji ko a dutsen niƙa, sai a dama garin da ruwa a randa, a bar shi ya kwanta. A nan ne gwaninta take. Sitacin dawa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi, fiye da wadda sha'ir yake buƙata, amma wannan zafin shi ne kuma yake lalata sinadaran da tsiro ya samar. Maganin da masu dafawa suka gada shi ne a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa garin da ya kwanta a ƙasa shi kaɗai har ya yi kauri kamar kunu, a sauke shi ya ɗan huce, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Idan an yi daidai, kaurin zai sake, zaƙi ya hau. Masu dolo da pito sukan sa ruwan yauƙin karan kuɓewa don garin ya kwanta da wuri. Ko manyan kamfanonin giya sun yi karo da wannan hali na dawa lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma kanta dole.

Sai a bar haɗin ya kwana don ya yi tsami. Da asuba a ɗanɗana, idan tsamin ya kai yadda ake so a mayar da shi wuta a tafasa na tsawon awoyi, domin tafasar ce take tsayar da tsamin, ta kuma ƙafe ruwan. Wadda ta makara a nan, tsami zai rinjayi tukunyarta gaba ɗaya. Pito ana tace ta, burkutu kuwa da kaurinta ake barin ta, wasu ma suna ƙara garin rogo.

Kada a sa yis sai ta huce sarai, domin zafi kashe shi yake yi. Yawanci ragowar ƙasan tukunyar da ta gabata ake zubawa, a rufe baki sama-sama yadda iska za ta fita, a bar ta kwana ɗaya ko biyu har kumfa ya taso. A ƙwarya ake shan ta tana kan tashi, kuma tun da ba a kashe ƙwayoyin halittar da ke cikinta ba, cikin 'yan kwanaki take komawa ruwan tsami. Saboda haka ba a dafa fiye da abin da za a shanye, ba a kuma toshe ta a kwalba ko jarka, domin iskar da take fitarwa tana iya fasa su. Gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man mota ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau nawa.