Kafin ku zaɓa wa yaro makarantar sakandare

Assalamu alaikum iyaye. Masu tambayar wace sakandare ta fi ƙoƙari a Zariya, kada allon da ake kafewa a bakin ƙofa da hotunan ɗalibai uku ya ruɗe ku. Ku shiga ofis ku nemi sakamakon WAEC da NECO na shekara uku a jere: nawa suka zauna, nawa suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi? Sai ku tambayi makin JAMB ɗinsu. In kiredit tuli ne amma JAMB ƙasa, akwai lauje cikin naɗi.

Ni dai da na je wata makaranta a Tudun Wada, littafin Lissafin wani ɗan SS2 na buɗa, na tarar rabon malami da sa jan biro tun farkon zango.