Yadda ake gwada ƙaramin samfurin fiffiken jirgi kafin a yarda da sakamakonsa

Wani ƙanena ɗan Aboabo da ke karatun injiniyan jiragen sama a jami'ar KNUST ta Kumasi ya same ni bayan sallar Isha'i da zanen fiffike a waya. Ya ce, "Yaya, zan rage shi sau 10 in kai Magazin a yanka mini." Suwame Magazin yake nufi, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi. Na ce masa ya dakata. Ni ma da wannan gaggawar na fara binciken digirina na uku a kan gwajin sassan jirgi da ƙananan samfura, kuma abin da na gaya masa a daren nan shi zan faɗa maka.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, rubuta tambaya guda a takarda. Me kake so samfurin ya gaya maka? Yawan lanƙwasar fiffiken idan an ɗora masa nauyi? Saurin karkarwarsa? Ko nauyin da zai sa fatarsa ta lotse? Zaɓi ɗaya, don samfuri ɗaya ba ya amsa su duka. Tun 1638 Galileo ya bayyana dalilin. Idan ka rage komai sau 10, faɗin fuska yana raguwa sau 100, nauyi kuma sau 1,000. Ka ga ƙaramin ya fi babban ƙarfi idan aka gwada shi da nauyin jikinsa, shi ya sa yake saurin ruɗin mutum.

Daga nan sai ka lissafa duk abin da ke da hannu a tambayar: tsawo, kauri, taurin ƙarfen, nauyinsa, da lodin da za a ɗora. Ƙa'idar da Edgar Buckingham ya wallafa a 1914 za ta nuna maka yadda ake haɗa su su zama lambobi marasa ma'auni, ba mita ba kilo. Waɗannan lambobin kake so su zo daidai a babba da ƙarami. Kamannin ido ba ya cikin lissafi.

Yanzu ga gwajin da nake tilasta wa duk wanda ya zo wurina, tun kafin a yi zancen fiffike. Samo sanda biyu na alminiyam iri ɗaya. Babbar ta zama milimita 40 faɗi, 4 kauri, ƙaramar kuma 20 da 2. Matse gindin kowacce a kan teburin bita, ka bar 600 a waje ga babbar, 300 ga ƙaramar. Jira su gama sunkuyawa da nauyin kansu, sannan ka sa alamar sifiri. Rataya ledar piya wata biyu a bakin babbar, kilo 1 ke nan tunda kowace leda rabin lita ce. Za ta sauka kusan milimita 47. Ƙaramar kuwa, kada ka ba ta rabin kilo. Rubu'in lodin za ka ba ta, wato giram 250, sai ta sauka kusan milimita 24, rabin ta babbar. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su raba lodi biyu don sun raba tsawo biyu.

Sai ka cire ruwan, ka ɗan ja bakin sandar ka sake, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da wayarka. Babbar za ta kaɗa kusan sau 9 a daƙiƙa, ƙaramar kusan sau 18. Idan lambobinka sun kauce da yawa, kada ka zargi lissafi tukuna. Duba matsin gindin. Sanda da ke motsi a wurin da aka riƙe ta takan nuna laushin da ba nata ba.

Duba kaurin kuma, da maikiromita, wato na'urar auna siririn kauri, a wuri biyar ko shida. Wannan ya taɓa cinye mini mako uku. Na sayi falle aka ce milimita 2 ne, ban auna ba, sakamakona ya riƙa wuce lissafi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ranar da na auna sai na ga 1.8. Taurin lanƙwasa yana bin kauri ne sau uku a jere, wato kauri sau kauri sau kauri, don haka ragin kashi 10 cikin 100 a kauri yana zubar da kusan kashi 27 na tauri. Tun daga ranar maikiromita tana aljihuna duk inda zan sayi ƙarfe. Mastocin Suwame Magazin suna da hannu, wallahi, na ga aikin da ya ba ni mamaki a can. Amma ka je musu da zane mai lambobi, ka yi wa masta bayani cikin ladabi cewa a wannan aikin rabin milimita ba ƙaramin abu ba ne, ka kuma zauna a wurin har a gama.

Idan sandunan sun ba ka gaskiya, to ka shiga fiffiken, kuma a nan wahalar take. Fatar jikin jirgin fasinja a wurare da yawa ba ta wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Rage ta sau 10, ka koma kaurin gwangwanin lemo. Gwada wannan: gwangwani marar komai, idan lafiyayye ne, yana iya ɗaukar nauyi mai yawa a tsaye, amma ɗan lotsi kaɗan a gefensa ya isa ya durƙusar da shi nan take. Haka siraran bango suke, aibin da ido ba ya gani shi ke yanke hukunci. Saboda wannan ne hukumar NASA ta fitar da jagora a shekarun 1960 da ke sa injiniyoyi su rage lodin da lissafi ya ba su a kan irin waɗannan sassa. Ƙusoshin ribit ma ba sa raguwa yadda kake so. Idan kayan zaren kabon ne, kowane shafi yana zuwa da kaurinsa daga masana'anta, kusan milimita 0.125, ba ka da ikon fere shi.

To me za ka yi? Ka karya kamannin da gangan, da saninka. Bar fatar ta fi kauri, ka lissafa yadda hakan ya canza lambobinka, ka rubuta shi ƙarara a rahotonka. A ganina rabin aikin digiri na uku a wannan fanni shi ne wannan: nuna iya inda za a karkata samfuri kuma hasashensa ya ci gaba da zama abin dogaro. Gina samfurin a kwamfuta ma, ka daidaita shi da abin da ka auna a ƙaramin, sannan ka bar kwamfutar ta faɗi na babban.

Idan iska za ta shiga gwajin, akwai wani cikas. Don lambar Reynolds, mai nuna yanayin gudanar iska a jikin fiffike, ta daidaita a samfurin da aka rage sau 10, sai iskar ta ninka gudu sau 10, wanda zai ɓata lambar Mach, wato gudun iskar idan aka gwada shi da gudun sauti. Manyan cibiyoyi kamar Langley a Amurka suna magance wannan da matsa iskar ko sanyaya ta da naitirojin. Mu a nan sai mu zaɓi tambayar da ƙaramin bututun iska, inda ake hura wa samfuri iska don gwaji, zai iya amsawa. Ba abin kunya ba ne. 'Yan'uwan nan biyu, su Wright, da akwatin katako suka gwada siffofin fiffike kusan 200 a 1901, suka tashi a 1903.

Abu ɗaya ne ba na yarda a ɗora wa ƙaramin samfuri: gajiyar ƙarfe, wato tsagewar da yake yi idan an daɗe ana ɗora masa lodi ana saukewa. Tsagewa tana farawa ne daga ramin ƙusa ko kusurwa, kuma ba ta bin rabon da ka yi. Bayan jiragen Comet biyu sun tarwatse a sama a 1954, masu bincike a Farnborough ta Ingila gangar jirgi sukutum suka nutsar a tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa har ta tsage. Idan tambayarka ta gajiya ce, yanko sashen da girmansa na ainihi ka gwada.

Ƙanen nawa ya dawo bayan mako biyu da sandunansa. Babbar ta sauka milimita 49, ƙaramar 31 maimakon 24. Na tambaye shi da me ya matse ƙaramar, ya ce da katako biyu. Gobe za mu sake da ƙarfe.