Yadda ake shuka furen gladiolus a lambun gida

Gladiolus fure ne mai dogon kara da ganye masu tsini, furanninsa kuma sukan jeru a jikin karan suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Yawancin ire-irensa asalinsu kudancin Afirka ne, amma akwai na daji da ke fitowa a ƙasarmu da damina, wanda ake kira rumana, kuma yana cikin waɗanda aka yi wa aure aka samu manyan ire-iren da ake sayarwa a yau.

Ba da iri ake shuka shi ba, da ƙwai ne mai kama da na albasa. A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. In ka je wurin masu sayar da furanni, ɗauki ƙwan ka matsa. Ka zaɓi mai tauri, mai nauyi a hannu, mai tudu a sama, wanda faɗinsa ya kai santimita 3 zuwa 5. Wanda ya yi laushi, ko ya yi baƙin tabo, ko ya yamushe, bar musu kayansu ko da kyauta ne. Ƙaramin ƙwai zai tsiro, amma ganye kawai zai ba ka a shekarar farko.

Sai lokaci. Furen nan yana son rana, amma ba ya jure zafin bazara. A Kano, Katsina, Zariya ko Maraɗi, ka shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya girma cikin sanyin hunturu da ban-ruwa, ya yi fure kafin zafin Maris ya kankama. Daga shuka zuwa fure kwana 70 zuwa 100 ne, gwargwadon iri. Mutanen Jos da Mambila, da yake garinsu da sanyi, suna iya shukawa da damina ma. Ni dai ba na shuka ƙwayayen duka rana guda. Ina raba su, duk bayan mako biyu in binne wasu, don kada furen ya zo lokaci ɗaya ya wuce lokaci ɗaya.

Nemi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6, inda ruwa ba ya kwanciya. Ƙasa mai rairayi-rairayi ta fi. In taka laka ce, zuba yashi ka ɗaga kunya. Haɗa ƙasar da takin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ruɓar da ƙwai yake yi. Haƙa rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, sa ƙwan tsininsa na kallon sama, ka bar tazarar santimita 15 tsakani. Kada ka ji tsoron zurfin. Wanda aka binne sama-sama shi ne iska ke kayarwa in furen ya yi nauyi.

Ba shi ruwa bayan shuka, daga nan sai ka ga saman ƙasa ya bushe ka ƙara. A zuba a gindi da safe, ya ratsa sosai. In ganye ya kai 3 ko 4, barbaɗa ɗan takin NPK a gefe, kada ya taɓa karan, ka sake in kan furen ya leƙo. A lokacin ne kuma za ka kafa gora ko kara ka ɗaure shi sako-sako.

Babban abokin gabarsa wasu ƙananan ƙwari ne, dangin waɗanda ke damun albasa, masu ɓuya a matsatsin ganye. Alamarsu fari-farin zane a ganye da furen da ya ƙi buɗewa. Fesa ruwan darbejiya da ɗan sabulu da yamma, duk mako, tun kafin su yi yawa. A kuma killace wurin saboda awaki da yara, don ƙwan na da guba ga dabbobi.

In don ado a ɗaki kake so, yanke karan da sassafe lokacin da fure ɗaya ko biyu na ƙasa suka buɗe. Sauran za su buɗe a cikin ruwa. Amma ka bar aƙalla ganye 4 a gindi. Mutane da yawa suna share wurin da zarar fure ya ƙare, alhali ganyen nan ne ke ciyar da sabon ƙwan da ke fitowa a kan tsohon.

Ci gaba da ban-ruwa kaɗan-kaɗan har mako 6, ganye ya yi rawaya, sannan ka tone. Shanya a inuwa mako 2 zuwa 3, ɓalle tsohon ƙwan da ya yamushe a ƙasa ka yar, ka adana sabon a kwando ko buhun albasa, wuri mai sanyi da iska, ba a leda ba. Ƙananan 'ya'yan da ke manne a gindi ka shuka su daban; sai sun shekara 2 ko 3 kafin su yi fure.