Yadda ma'aikata za ta aiwatar da dokar masu buƙata ta musamman

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ma'aikatar da ke son cika umarnin dokar a nan Abuja, ga inda za ta kama.

A fara da ƙirga. Kada a ce wa ma'aikaci "Kana da naƙasa?", don da yawa za su ce a'a saboda gudun tsangwama. A tambaye shi ko yana shan wahala wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, kula da jikinsa ko isar da magana. Da haka za a gane ko an kai kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da doka ta ware musu a ma'aikatun gwamnati.

Sai kuɗi. A ba aikin gurbinsa a kasafin kuɗi, a ɗora shi a wuyan jami'i guda. Idan aka bar wa kwamiti, kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido.

Wajen gini aka fi yin ɓarna. Gangarar keken guragu tana son tsawon santimita 12 ga kowace santimita 1 ta tudu. Ƙofar da tudunta ya kai santimita 50 daga ƙasa ke nan gangarar mita 6 take buƙata, da abin dafawa dama da hagu. Magina kan taƙaita ta zuwa mita 2 don tsimin siminti, su kuma shimfiɗa tayil mai santsi. Mai keke ba ya iya hawa sai an turo shi, da damina kuwa sai zamewa. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, a bar filin santimita 150 a banɗaki inda keke zai juya. Lif ba abin dogaro ba ne inda wuta ke ɗaukewa, gara a sauko da teburin karɓar jama'a ƙasa.

Kurame na buƙatar mai fassara da hannu, makafi kuma takardu da rubutun makafi ko a murya.

Kafin a biya ɗan kwangila, a gayyato masu keke da makafi, ko daga Karmajiji, unguwar da masu buƙata ta musamman ke zaune a Abuja, ko daga ƙungiyoyinsu, su bi hanyar da kansu tun daga geti har banɗaki. Inda suka tsaya a gyara, sannan a sa hannu a takardar biya.