Kafin ku sayi rauta don reshen ofis

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga wanda zai buɗe reshe a wani gari, ga 'yar shawara kan rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko tana ɗaukar layi biyu. Mu dai mun ji a jikinmu: masu aikin titi suka datse wayar fiba da ke shigo mana, ma'aikata suka yini sun zuba wa kwamfuta ido, ko rasit ba a iya fitarwa, kwastomomi na ta tsaki a bakin kanta. Da rautar na da gurbin sim na 4G, da kanta za ta koma kansa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Amma sim ɗin ya zama na wani kamfani daban da na babban layin, in ba haka ba duk kanwar ja ce.

Sai VPN, ɓoyayyar hanya tsakanin reshe da hedikwata. Yawancin rautoci na da IPsec, wani tsari na haɗa wannan hanyar. MikroTik, masu ƙera rauta, 'yan ƙasar Latbiya, sun saka wani tsarin mai suna WireGuard tun daga RouterOS 7, manhajar rautarsu, kuma a wurina ya fi sauƙin saiti. Rautar ISR ta kamfanin Cisco kuwa akwai ƙarko, sai dai tsada, ga kuɗin lasisi kuma.

Ku haɗa rautar da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, saboda ɗauke wuta. Ku kuma tabbatar ana iya saita ta daga nesa, kada ƙaramin gyara ya sa injiniya ya hau mota daga Kano zuwa Gusau. Lambar sirrin da ta zo da ita kuwa, a canza ta ranar da aka ɗaura.