Kurakuran da ake yi wajen ɗan taɓa abinci kafin hawa jirgi

Na sha raka 'yan uwa daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, wani lokaci kuma na Dutse idan jigilar alhazan Jigawa ce. Kuskuren da ya fi damuna shi ne na tsofaffinmu: ƙin ci da ƙin sha gaba ɗaya.

Ranar da Gwaggo za ta tashi Umara, tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba. Na miƙa mata ruwa ta kau da kai, ta ce, "Ɗan nan, ni ban san yadda ake zagayawa a sama ba." Ga ta da ciwon suga, ta kuma sha maganinta da safe. Jirgi ya yi jinkiri, kafin la'asar hannunta ya fara rawa, zufa ta tsattsafo mata a goshi. Sai da na jiƙa mata suga a ruwa, na bi da dabino, sannan ta dawo hayyacinta. Daga Kano zuwa Jidda tafiyar kusan awa 5 ce, ban da zaman jira, kuma iskar cikin jirgi busasshiya ce, tana ƙara ƙishirwa. Maganin wannan tun daga gida yake. A zaunar da tsoho a yi masa bayanin bayan gidan jirgi, a gaya masa akwai ma'aikatan da za su nuna masa ƙofa ba tare da wani abin kunya ba. Idan hankalinsa ya kwanta zai ci, zai sha.

Wasu kuma akasin haka suke yi. Mutum ya cika cikinsa da ƙosai ko wake da shinkafa, ya kora da lemon kwalba mai gas, wai kada yunwa ta kama shi a hanya. Matsin iska a cikin jirgi kamar na wanda ya hau dutse mai tsayin mita 2,000 ne, wato bai kai na ƙasa ba, don haka iskar da ke cikin hanji sai ta buɗe. Daga nan kumburin ciki da murɗa, ga mutum ɗaure a kujera. Gurasa kaɗan, biskit, ayaba ko dabino sun wadatar, tunda a doguwar tafiya ana raba abinci a jirgi.

Fura da nono ma a yi hattara. Wadda aka dama da hantsi ta wuni a mota cikin zafi ta riga ta yi tsami, tana iya jawo gudawa.

Sai batun gora. A tafiyar ƙasar waje ba a wucewa wurin bincike da abu mai ruwa da ya haura mililita 100 a jakar hannu. Na ga an karɓe gorar zoɓo mai sanyi daga hannun wata baiwar Allah, tana ji tana gani. Ka shanye kafin ka shiga layi. Idan ka wuce sai ka sayi ruwa a ciki, ka kuma tambayi kuɗinsa kafin ka buɗe, don farashin can ba na kasuwar ƙauye ba ne.

Goro kuwa Saudiyya ta hana shiga da shi, hukumar alhazai ma tana gargaɗi a kansa. Baba ya ci nasa a waje, ragowar ya bar wa 'yan rakiya su koma da shi gida.