Kurakuran da aka fi yi wajen kiwon green sunfish a tankin gilashi

Kifin nan da Amurkawa ke kira green sunfish ɗan asalin yankin kogin Mississippi ne da manyan tafkunan Arewacin Amurka. Taurin rai gare shi: ruwa ya gurɓace, iska ta yi ƙaranci, shi ko a jikinsa. Wannan taurin ran ne ke yaudarar masu kiwonsa.

Babban kuskure shi ne yi masa abokan zama. Mutum ya samo shi bai fi tsawon yatsa ba, ya jefa shi cikin ƙananan kifayen ado, kafin ya ankara sun fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Bakinsa ya fi na yawancin danginsa faɗi, duk abin da ya shiga ya zama abinci. Wanda ya fi ƙarfin haɗiya kuwa cizo zai yi ta sha har ya raɓe a kusurwa ya daina ci. Abin ya fi ƙamari lokacin haihuwa, sa'ad da namijin ke tona rami a tsakuwa yana gadinsa, kamar yadda karfasa ke yi. Ajiye biyu ma ba dabara ba ce, babban zai tasa ƙaramin a gaba. Ni dai shawarata a bar shi shi kaɗai. In dole sai an haɗa, a nemo sa'anninsa, a jera duwatsu da itace yadda kowa zai sami maɓoya.

Wani kuskuren kuma shi ne ƙaramin tanki. Kifin yakan kai santimita 15 zuwa 20, don haka kada a yi ƙasa da lita 200. A sa murfi, yana tsalle.

Wasu kuma na dumama masa ruwa, alhali ya saba da hunturu, digiri 18 zuwa 24 ya wadatar. Matatar ruwa mai ƙarfi ya fi buƙata, domin yadda yake ci haka yake kashi. A bar sabon tanki ya yi mako 4 zuwa 6 matata na aiki kafin a saka shi, sannan a riƙa canza kwatan ruwan duk mako, bayan an cire kulorin ɗin ruwan famfo.

Ciyar da shi da ƙananan goldfish (kifin ado mai launin zinariya) masu rai ma kuskure ne. Suna shigo da cuta, kuma akwai sinadari a jikinsu mai lalata bitamin B1. Tsutsar ƙasa, gyare da ƙwayar abincin kifi sun ishe shi.

Wanda ya gaji da shi kada ya sake shi a rafi. A Kalifoniya, inda baƙo ne, ya addabi kifayen asalin wurin. A nemi wanda zai karɓa.